Shin ya dace a riƙa biyan ɗaliban da ke buga wa jami'o'in Amurka wasa?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun daga 1 ga watan Yulin 2025 jami'o'in Amurka suka fara biyan ɗaliban da ke buga musu wasa kuɗi hannu da hannu, abin da hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta daɗe tana haramtawa. Mutane sun rabu biyu a kan batun. Wasu na cewa yaron da aka ɗauke wa kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci, a ƙasar da karatun shekara ɗaya a wasu jami'o'in ke haura dala 60,000, ai an riga an biya shi, me kuma yake nema? Wasu kuma na cewa filin wasan jami'ar Michigan kaɗai na ɗaukar mutum sama da 107,000, kowa da tikitinsa, ga kuɗin gidajen talabijin, amma wanda ake zuwa kallo shi ne kawai ba shi da rabo.

Ina roƙon waɗanda suka san harkar su fayyace mana. Daga ina kuɗin ke fitowa? Nawa ne ke isa hannun ɗan wasa? Wa ya yi asara a sabon tsarin? Kuma a ganinku biyan ya dace ko kuwa zai lalata karatun?

Malam Ilu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A ganina biyan ya dace, kuma an makara ma. Amma sai ka ga girman kuɗin kafin ka fahimci dalili.

Wasanni biyu ne ke kawo kusan duk dukiyar: ƙwallon Amurka, wato mai kama da zari-ruga wadda ake sa hular kwano, da ƙwallon kwando ta maza. Gasar ƙwallon kwando da ake yi a watan Maris ita ke ciyar da NCAA kanta. A 2010 gidajen CBS da Turner suka sayi izinin nuna ta a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a 2016 aka ƙara shekara 8 a kan dala biliyan 8.8, har zuwa 2032. Kuɗin ƙwallon Amurka kuwa ba ya bi ta hannun NCAA, tun da Kotun Ƙoli ta ƙwace mata wannan iko a 1984, a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka shigar. Rukunan jami'o'i, wato gungun makarantun da ke gasa da juna, su ne ke cinikinsu da kansu. Rukunin Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da Fox da CBS da NBC a 2022 a kan sama da dala biliyan 7. Tashar wasanni ta ESPN kuma ta sayi wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka a kan dala biliyan 7.8 na shekara 6.

Duk tsawon lokacin da wannan dukiya ke haɓaka, ɗan wasa ba shi da ikon karɓar ko kwabo a kan sunansa. A 2010 an dakatar da 'yan wasan Ohio State biyar na wasa biyar-biyar saboda sun sayar da kayan da aka ba su kyauta, irin su zobe da riga, kuma an yi musu rangwame a shagon zanen jiki. A shekarar ne Reggie Bush ya mayar da kambun Heisman, na gwarzon ɗan ƙwallon Amurka na jami'o'i, da ya ci a 2005 saboda abin da shi da iyalinsa suka karɓa daga dillalai, sai a 2024 aka dawo masa da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, shi ne ainihin yadda tsarin yake.

Kotu ce ta rushe shi, mataki-mataki. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙwallon kwando na ƙasa da jami'ar UCLA a 1995, ya ga an sa kamanninsa a wasan bidiyo na kamfanin EA Sports ba tare da an tuntuɓe shi ba, ya kai ƙara a 2009. Mai shari'a Claudia Wilken ta yanke a 2014 cewa ƙa'idojin NCAA sun saɓa wa dokar hana haɗa baki a kasuwa. A 2015 aka fara ƙara wa 'yan wasa 'yan dubban daloli a shekara don cike kuɗin mota da sauran buƙatun zaman makaranta. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba su damar yin talla da sunansu, sauran jihohi suka biyo baya. Ranar 21 ga Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara, babu wanda ya saɓa, suka ba Shawne Alston, tsohon ɗan ƙwallon Amurka na jami'a, gaskiya a kan NCAA, daga nan aka halatta kyautar ƙwazon karatu har dala 5,980 a shekara. Bayan kwana goma NCAA ta janye hanin talla gaba ɗaya. Wannan shi ake kira NIL, wato haƙƙin mutum a kan sunansa da hotonsa da kamanninsa.

Babbar gaɓar ita ce shari'ar House, da sunan Grant House, ɗan ninƙaya na jami'ar Arizona State. Dokar Amurka tana ninka diyya sau uku a irin wannan ƙara, shi ya sa NCAA da manyan rukunai biyar suka zaɓi sulhu. Wilken ta amince da shi ranar 6 ga Yunin 2025. Abin da ke ciki:

Za a biya kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016 aka hana su cin moriyar sunansu. Sannan kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a kakar 2025 zuwa 2026. An samo adadin ne daga kashi 22 cikin 100 na matsakaicin abin da manyan jami'o'i ke samu ta talabijin da tikiti da masu ɗaukar nauyi, kuma zai riƙa hawa da kusan kashi 4 a shekara. A lura, wannan iyaka ce ta sama. Babu wanda aka tilasta wa biyan ko dala ɗaya, kuma jami'o'in da ba sa cikin manyan rukunai suna da zaɓin shiga ko ƙin shiga. Rukunin Ivy, su Harvard da Yale, sun ce ba za su shiga ba.

Kuɗin talla daga waje ba ya cikin wannan iyaka, amma duk yarjejeniyar da ta kai dala 600 sai an shigar da ita a manhajar NIL Go da kamfanin Deloitte ke gudanarwa. Sabuwar hukumar College Sports Commission ce ke duba ko akwai kasuwanci na gaskiya a bayanta, da kuma ko farashin ya yi daidai da na kasuwa. An yi haka ne saboda daga 2021 attajiran magoya baya sun riƙa haɗa asusu suna sayen 'yan wasa da sunan talla alhali babu tallar da ake yi.

Ka kwatanta kashi 22 ɗin da abin da ƙwararru ke samu. A NBA da NFL, gasannin ƙwararru na kwando da ƙwallon Amurka, inda 'yan wasa ke da ƙungiyar ƙwadago, rabonsu yana kusa da rabin kuɗin shiga.

Hajiya Uwani

Malam Ilu, tarihin da ka kawo daidai ne, kuma ban musa cewa an zalunci 'yan ƙwallon Amurka da na kwando ba. Inda nake da ja shi ne, idan aka ce "ɗaliban da ke wasa" sai mutane su zaci duk irin na Alabama da Texas ne. NCAA na da makarantu kusan 1,100 da 'yan wasa sama da 500,000 a matakai uku. Mataki na uku ba ya ba da tallafin karatu don wasa ko kaɗan. Mataki na biyu guntu-guntu yake bayarwa. A mataki na ɗaya ma, mai makarantu sama da 350, 'yan tsiraru ne sashen wasanninsu ke ɗaukar nauyin kansa. Sauran jami'a ce ke cike musu giɓi, wasu kuma daga kuɗin da ake ɗora wa kowane ɗalibi, har wanda bai taɓa taka filin wasa ba.

Mu yi lissafin jami'ar da ta biya miliyan 20.5 cif. Sulhun ya yarda a ƙirga har miliyan 2.5 na sabon tallafin karatu a cikin iyakar, saura miliyan 18 tsabar kuɗi. Da yawa daga manyan jami'o'i sun bi ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen raba diyyar baya: kashi 75 ga ƙwallon Amurka, 15 ga kwandon maza, 5 ga kwandon mata, 5 ga duk sauran. Ƙwallon Amurka ta tashi da miliyan 13.5. In aka raba wa mutum 105 daidai, kowa zai samu kusan dala 128,000, amma ba a raba daidai. Mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari shi ke kwashe kaso mafi tsoka, na benci ya samu ɗan abin da ya samu. Kwandon maza miliyan 2.7 ga mutum 15, kwandon mata dala 900,000. Ragowar dala 900,000 ita za a raba wa masu guje-guje da tsalle-tsalle da ninƙaya da kokawa da ƙwallon raga da ƙwallon ƙafa da tanis, maza da mata, ɗaruruwan yara. Da yawansu ba za su ga komai ba.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. Sulhun ya soke iyakar yawan tallafin karatu, ya maye gurbinta da iyakar yawan 'yan wasa. A da ƙwallon Amurka na da tallafi 85, amma ƙungiya kan ɗauki mutum 120 ko fiye, saboda akwai masu biyan kuɗin makarantarsu da kansu don kawai su yi wasa. Yanzu iyaka 105 ce. Kwando 15, ƙwallon ƙafa 28, ninƙaya 30, guje-guje da tsalle-tsalle 45. Alherinsa shi ne, guje-gujen maza da a da ke raba tallafi 12.6 ga ƙungiya guda, yanzu ana iya ba duka 45 ɗin cikakke in jami'a na da hali. Sharrinsa kuwa, an fara sallamar yara tun kafin a sa hannu, har sai da mai shari'a Wilken ta ƙi amincewa da sulhun sai an ba da damar keɓe waɗanda ke ciki daga ƙidayar. Keɓewar ta waɗanda aka riga aka ɗauka ce, masu zuwa nan gaba gurabensu sun ragu.

Diyyar biliyan 2.8 ma ba daga aljihun manya kaɗai take fita ba. Kusan biliyan 1.6 za a riƙe ne daga rabon da NCAA ke aika wa makarantu, kuma kashi 60 na wannan daga ƙananan rukunai 27 ne, waɗanda ba su ne suka ci ribar talabijin ba.

Sai batun mata. Dokar Title IX ta 1972 ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma ita ce ta gina wasannin mata a Amurka. A Janairun 2025 ma'aikatar ilimi ta ce kuɗin da jami'a za ta raba ya shiga ƙarƙashin dokar, a Fabrairu sabuwar gwamnati ta janye wannan bayani. Kwanaki kaɗan bayan amincewa da sulhun wasu 'yan wasa mata suka ɗaukaka ƙara a kan yadda aka raba diyyar, abin da ya tsayar da biyan kuɗin baya. Jami'ar da ta ba maza kashi 90 tana tafiya ne a kan abin da kotu ba ta gama warwarewa ba.

Abin da ke damuna shi ne wasannin Olamfik. Amurka ba ta da ma'aikatar wasanni da ke renon 'yan wasa, jami'o'i ne ke yin aikin. Duk sanda kuɗi ya yi ƙaranci, waɗannan wasannin ake fara yankewa. A 2020 Stanford, duk da arzikinta, ta sanar da soke wasanni 11, sai da tsofaffin ɗalibai suka tashi tsaye aka janye a 2021.

Malam Ilu

Hajiya, na yarda da lissafinki, amma kukan rashin kuɗin akwai abin dubawa a cikinsa. Sashen wasanni na jami'a ba kamfani ba ne mai raba riba, don haka duk abin da ya shigo sai an nemo inda za a kashe shi. Da yake an hana biyan 'yan wasa, sai kuɗin ya kwarara zuwa albashin koci da gine-gine. A 2024 Jojiya ta sa wa Kirby Smart dala miliyan 13 a shekara. A Nuwamban 2023 Texas A&M ta kori Jimbo Fisher, ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don ya tafi. Wannan kuɗin sallamar mutum ɗaya ya fi abin da za a raba wa duk 'yan wasan jami'ar na shekara uku.

Kuma ki duba su waye ke ɗauke da nauyin. Baƙaƙen fata ne suka fi yawa a manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka da kwando, da yawansu daga gidajen talakawa. Ba adalci ba ne a ce guminsu ne zai riƙe wasan golf da tseren kwale-kwale. In jami'a na ganin waɗannan wasannin na da amfani, kuma suna da shi, ta biya daga asusunta kamar yadda take biyan ɗakin karatu.

Ɗan Fagge

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Saura abu ɗaya. 'Yan Najeriya da dama sun bi ta wannan hanya, tun daga Hakeem Olajuwon a Houston zuwa Blessing Okagbare da Tobi Amusan a UTEP, da Favour Ofili a LSU. Yaron da ya tashi daga nan da tallafin guje-guje ko kwando, shi ma zai karɓi wannan kuɗi kamar ɗan ƙasa?

Yaya Sani Tudun Wada

Ƙanena, nan ne wurin da ya fi haɗari, don ƙa'idar NCAA daban, dokar shige da fice daban. NCAA ta halatta, amma biza ba ta bi ta ba.

Kusan duk ɗalibin waje da bizar F-1 yake shiga. Aikin da ta yarda da shi ƙayyadadde ne: aiki a cikin harabar makaranta da bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, sai horon aiki da ya shafi fannin da yake karantawa, shi ma da izini. Tallar kamfani ba ta cikin waɗannan. Idan yaro yana cikin Amurka ya ɗauki bidiyon talla, ko ya je shago ya sa hannu a riguna, ko ya wallafa saƙo a Instagram aka biya shi, ana iya ɗaukarsa a matsayin aiki ba da izini ba. Hukuncinsa shi ne a soke rajistarsa a tsarin SEVIS na rajistar ɗaliban waje, takardar I-20 da ke tabbatar da zamansa ɗalibi ta mutu, karatu da wasa su tsaya, kuma tabon ya bi shi duk sanda ya sake neman biza. Ko kayan kyauta aka ba shi a madadin talla, biya ne.

Hanyoyin da ake bi guda uku ne, kowace da matsalarta.

Ta farko, a yi aikin a wajen Amurka, tun da dokar aikin ƙasar ba ta tsallaka iyaka. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, wanda ya buga wa Kentucky ƙwallon kwando, ya yi tallace-tallacensa ne a 2022 lokacin da ƙungiyarsu ta je Bahamas. Zach Edey na Purdue ya yi nasa a gida Kanada. Sharaɗin shi ne a yi komai a can: ɗaukar hoto, wallafawa, har sa hannu a takarda, kuma a ajiye shaida irin su tikitin jirgi da hatimin fasfo. Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin cikas. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar da ba ta zama ba ta 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya, wata uku, kuma an ƙara tsaurara sharuɗɗa bayan nan. Ɗalibin da ke ciki yana nan daram muddin takardunsa na makaranta na da rai, amma in ya fita sai ya nemi sabuwar biza kafin ya koma. Fita don tallar dala 5,000 na iya jawo asarar kaka guda ko karatun baki ɗaya.

Ta biyu, kuɗin da ke shigowa ba tare da ya yi wani aiki ba, misali ya ba da lasisin a buga sunansa a riga ko a sa shi a wasan bidiyo, ana ba shi kamasho. Jami'o'i da yawa a wannan siga suke rubuta yarjejeniyar rabon kuɗin ga 'yan waje, su ce kuɗin lasisi ne, ba ladan aiki ba. Hujja ce ta lauyoyi, kuma makarantu sun sha bamban a kanta, wata ta biya, wata ta ƙi. In takardar ta ƙunshi wajabcin halartar taro ko wallafa saƙo, hujjar ta rushe.

Ta uku, sauya biza zuwa P-1A ta fitattun 'yan wasa ko O-1 ta masu baiwa ta musamman. Ana buƙatar shaida mai ƙarfi, kamar buga wa ƙasa ko lambar yabo ta duniya, ga kuɗin lauya. Last-Tear Poa 'yar Ostareliya, wadda ta ci kofin ƙasa da LSU a 2023, an hana ta P-1A har ta kai hukumar shige da fice kotu.

Haraji ma na jira. Ɓangaren tallafin da ya biya kuɗin karatu da littattafai ba a cire masa haraji, amma na ɗaki da abinci ana cirewa, kashi 14 ga mai F-1 da ba a ɗauke shi mazaunin ƙasa ba. Kuɗin lasisi kuwa kashi 30 ake riƙewa tun daga tushe, sai in ƙasarka na da yarjejeniyar haraji da Amurka, Najeriya kuma ba ta da ita. In an ce dala 20,000, to 14,000 zai gani.

Kafin yaro ya sa hannu a komai, ya kai takardar wurare biyu: ofishin ɗaliban ƙasashen waje, wurin jami'in da ke sa hannu a I-20, da ofishin bin ƙa'ida na sashen wasanni. Ya nemi amsa a rubuce. Maganar koci ba ta kare kowa a gaban jami'in shige da fice. Kuma tun da guje-guje ne ya fi kai yaranmu can, wanda ke cikin kason nan na kashi 5 da Hajiya ta lissafa, abin da ya fi cancanta a yi ciniki a kansa shi ne tallafin karatun: cikakke ne ko rabi, na shekara ɗaya ne ko huɗu, ya haɗa da inshorar lafiya da zaman hutun bazara ko bai haɗa ba.

Koci Bala

Ni ina tare da masu cewa a biya, amma abin da aka yi rabin gyara ne. Ana ba yaro kuɗi, ana kuma dagewa cewa shi ba ma'aikaci ba ne, kuma daga nan yawancin rikicin ke tasowa.

A takarda, awa 20 a mako ce iyakar atisaye lokacin kaka, awa 4 a rana, da hutun kwana ɗaya. Amma ranar wasa awa 3 ake ƙirga ta komai tsawonta, tafiya ba ta shiga lissafi, haka jinyar rauni da atisayen da ake kira na ganin dama, wanda duk yaron da ya ƙi zuwa ya san benci zai zauna. Binciken NCAA da kanta ya nuna 'yan ƙwallon Amurka na manyan makarantu na kashe kusan awa 40 a mako. Yanzu da UCLA da USC da Oregon da Washington suka koma Big Ten a 2024, ɗalibi kan tashi daga gaɓar yamma zuwa ta gabas don wasa ɗaya a tsakiyar mako. Masu tsoron kuɗi zai ɓata karatu su fara duba wannan jadawalin. Ga shi ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne ke samun shiga NFL ko NBA, wato ga mafi yawansu shekarun jami'a ne kaɗai lokacin da jikinsu ke da farashi.

Gudun kiran su ma'aikata tsohon abu ne. A 1955 Ray Dennison ya rasu sakamakon bugun da ya samu a kai yana buga wa wata kwaleji a Kolorado, matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana ta. 'Yan ƙwallon Northwestern sun nemi kafa ƙungiyar ƙwadago a 2014, hukumar ƙwadago ta ƙasa ta ƙi shiga maganar a 2015. 'Yan kwandon Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a Maris 2024, suka janye a ƙarshen shekarar. Sakamakon haka babu ƙungiyar ƙwadago da ta zauna a madadin 'yan wasa aka yi cinikin kashi 22 ɗin, babu mafi ƙarancin albashi, babu fansho, kuma ciwon ƙwaƙwalwa ko na gwiwa da zai bayyana bayan shekara 15 ba ya kan kowa.

Matsalolin da aka riga aka gani a fili suke. Ɗan ƙwallon Amurka Matthew Sluka ya bar jami'ar UNLV a Satumban 2024 bayan wasa uku, duk sun ci, wakilinsa ya ce an yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba. Jaden Rashada ya sa hannu da asusun magoya bayan Florida a kan dala miliyan 13.85, yarjejeniyar ta watse, maganar ta kai kotu a 2024. Gervon Dexter ya karɓi dala 436,485 daga wani kamfanin zuba jari yana ɗalibi, a madadin kashi 15 na duk abin da zai samu a NFL har shekara 25. Dillalin NFL ba ya wuce kashi 3, na NBA kashi 4, saboda ƙungiyoyin 'yan wasa sun ƙayyade. A harkar NIL babu irin wannan iyaka ta ƙasa baki ɗaya, ana samun masu yankar kashi 15 zuwa 20.

Duk wanda aka miƙa wa takarda ya duba waɗannan wurare da lauyan da ba na makarantar ba. Wa zai biya, jami'a ce ko asusun magoya baya, don na biyun na iya bushewa a tsakiyar kaka. Ranakun biya, wata-wata ko dunƙule. Me zai faru in ya ji rauni, ko aka ajiye shi a benci, ko aka kori kocin da ya kawo shi. In ya sauya makaranta, wanda a Afrilun 2024 aka ba da damar yi ko sau nawa ba tare da zaman jiran shekara ba, nawa zai mayar. Shekara nawa jami'a za ta riƙe haƙƙin hotonsa, don wasu takardun na ba ta damar amfani da shi har bayan ya tafi.

Haraji kuma shi ke kayar da 'yan ƙasa. Galibi ana biyansu ne a matsayin masu zaman kansu, ba a cire komai daga tushe. Akwai harajin mai aikin kansa na kashi 15.3, ga na tarayya, ga na jiha, sai dai jihohi irin su Texas da Florida da Tennessee ba sa karɓar harajin kuɗin shiga. Ana biya sau huɗu a shekara, Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu, wanda ya tsallake a ci shi tara. Motar da dila ya ba shi ya riƙa hawa don talla ita ma ana ƙiyasta kuɗinta a sa a lissafi. Yaron da aka ba dala 100,000 ya ware kashi ɗaya bisa uku a wani asusu daban tun ranar da kuɗin ya shigo, kafin ya aika wa gida ko ya sayi wani abu.